JIKOKIN FATAKE DA KUNYAR CINIKIN ALBASHI

Ana saura kwana uku Babbar Sallah na raka wani ɗan ƙanwata kasuwar dabbobi a nan Sokode domin sayen ragon layya. Yaron nan ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya taya, mai rago ya ce albarka, ya juya kamar zai tafi, dillali ya riƙo masa hannu, aka yi ta ja-in-ja kusan awa guda kafin a sallama masa. Sai da ya zabge sefa 15,000 daga kuɗin da aka fara faɗa. A hanyarmu ta komawa gida na tambaye shi labarin sabon aikin da ya samu a wani ƙaramin kamfani mai ja wa ofisoshi da makarantu wayar intanet, na ce nawa kuka yi da su? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Kawu, da suka tambaye ni nawa nake so, cewa na yi duk abin da suka ga ya dace." Na ce to, nawa suka ga ya dace? Ya ce sai ƙarshen wata zai gani.

Mai karatu, wannan ba ciwon yaro ɗaya ba ne. Duk wanda ke zama da samarinmu masu gyaran waya da kwamfuta, da masu hawa dogayen ƙarafan sadarwa, da masu rubuta manhaja, tun daga Didawure har zangon Dapaong, ya san da yawansu haka suke shiga aiki, ido rufe. Abin mamaki kuwa shi ne, jikokin fatake ne. Kakanninsu su ne suka riƙa ratsa wannan ƙasa da jakuna daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, suna yada zango a Jugu da Sokode da Sansanin Mango, garin da har yau sunansa ke ɗauke da kalmar Hausa. Mutanen da ba su sayar da kanwa ko ƙwarya guda ba tare da ciniki ba, yau jikansu ya sayar da wata goma sha biyu na ƙarfinsa da basirarsa bai ce uffan ba.

Na daɗe ina tunanin dalili, kuma a ganina daga wajen koyon sana'a abin ya samo asali. A wurinmu yaro yakan tashi a hannun maigida, a shagon tela ko makaniki ko mai gyaran rediyo, shekara uku ko huɗu ba albashi, sai abin da aka miƙo masa na abinci, har ranar da za a yaye shi. Yaron da ya tambayi maigidansa kuɗi, marar kunya ne. Wannan tarbiyya tana da kyawunta, ba na musu. Amma fa mai kamfani ba maigidan da ya rene ka ba ne, bai kuwa yi alkawarin zai yi maka aure ko ya buɗe maka shago ba. Ciniki ne tsakaninku, kai da hajarka shi da kuɗinsa, kuma tun kafin ka shigo ofishinsa ya riga ya yanke a ransa iyakar abin da zai iya biya. Da wuya ya fara da wannan adadi, kamar yadda mai sayen rago ba ya farawa da kuɗin da ke aljihunsa.

HAJAR TANA DA KASUWA

Abin da ya kamata samarinmu su fara sani shi ne, wannan sana'a tasu ba ta kwantai ba ce. A cikin 'yan shekarun nan harkar sadarwa a Togo ta sauya ƙwarai. A watan Nuwamba 2019 gwamnati ta sayar da kashi 51 cikin 100 na Togocom ga 'yan kasuwa, ciki har da kamfanin Axian na Madagaska, sa'an nan a Nuwamba 2024 aka sauya masa suna zuwa Yas, T-Money kuma ta koma Mixx. Ga Moov Africa da Flooz ɗinsa. A watan Maris 2022 babbar wayar intanet ta ƙarƙashin teku da kamfanin Google ya shimfiɗa, mai suna Equiano, ta fito gaɓar Lome, Togo ce kuwa ƙasa ta farko a Afirka da ta sauka. Kafin nan, a 2020, lokacin annobar korona, ta wayar hannu gwamnati ta raba tallafin Novissi. Duk waɗannan abubuwa hannun mutum suke buƙata: mai jan waya, mai haɗa na'ura, mai gyara in ta tsaya, mai kula da lissafin wakilan tura kuɗi.

Yawancin manyan kujeru a Lome suke, wannan gaskiya ne. Amma ƙarfen sadarwa da ke bayan Tchamba ko kan hanyar Sinkase ba daga Lome ake hawa shi ba. Asusun ba da rance, da asibiti, da kantin magani, da makarantu masu zaman kansu, da masu sayar da fitilun hasken rana a ƙauyuka, duk suna neman wanda zai riƙe musu na'ura a nan arewa. Yaronmu kuma yana da wata haja da ba ya lissafa ta: harshe. Wanda ke jin Faransanci da Hausa da Kotokoli, ko Hausa da Moba da Mosanci, yana iya shiga kasuwar Sinkase ya yi wa ɗan kasuwa bayanin abin da injiniyan da aka turo daga kudu zai kwana bai fahimtar da shi ba. Wannan kuɗi ne. Sai dai in mai haja bai ambata ba, mai saye ba zai tuna masa ba.

KUƊIN BAKI DA KUƊIN HANNU

Kafin a je ciniki sai an san farashi. Ƙasan farashi dai doka ta yanke shi. Mafi ƙarancin albashi a Togo ya daɗe a kan sefa 13,757, aka ɗaga shi zuwa 28,000 a 2008, zuwa 35,000 a 2012, sa'an nan daga 1 ga Janairu 2023 ya koma 52,500 a wata. Wannan na ma'aikacin da bai koyi komai ba ne. Saboda haka in aka taya wa mai takardar fasaha 60,000, ya san inda aka ajiye shi. Sama da wannan kuwa babu allon da aka kafa a bakin kasuwa, sai dai tambaya. A tambayi waɗanda aka yi makaranta tare, a tambayi wanda ya bar kujerar, a duba sanarwar neman ma'aikata a ofishin ANPE. Mu kan ɓoye albashi kamar cikin fari, don tsoron baki da 'yan bani-bani, amma wannan ɓoyo mai kamfani kaɗai yake amfana.

To, ga inda aka fi yin tuntuɓe. Idan mai kamfani ya ce 150,000, sai a tambaye shi: wanne? Domin a takardar biya akwai adadi biyu, wanda ake rubutawa "brut", watau kafin a cire komai, da wanda ake rubutawa "net", watau abin da zai shigo hannu. Bari mu yi lissafi a kan 150,000 ɗin. Asusun CNSS yana cire kashi 4 cikin 100 daga ma'aikaci, sefa 6,000 ke nan. Tun Janairu 2024 kuma aka shigo da inshorar lafiya ta kowa da kowa, AMU, wadda ke cin kashi 10 cikin 100, rabi a wuyan ma'aikaci rabi a wuyan mai kamfani, watau wata 7,500. Saura 136,500, ba a kuma taɓa harajin albashi ba tukuna. Wanda ya riga ya yi wa mahaifiyarsa alkawari a kan 150,000, ya shiga adashi a kan 150,000, ya ga inda rami yake.

Shi ma mai kamfani yana da nasa lissafin, ya kamata a san shi domin a gane abin da ke ransa. A kan wannan albashi zai zuba wa CNSS kashi 17.5 cikin 100, sefa 26,250, da 7,500 na inshorar lafiya. Ma'aikacin 150,000 yana cin masa 183,750 ke nan. Wannan ne ya sa za ka ji wani ya ce, "Bari in ba ka 160,000 a hannu, mu bar maganar takarda." Yaro sai ya ga riba. Alhali kuwa mai kamfani ne ya tsira da fiye da 20,000 kowane wata, shi kuma yaron ya sayar da abin da bai san darajarsa ba. Fansho a CNSS sai wanda ya cika wata 180 ana zuba masa, watau shekara 15, ya kuma kai shekara 60. Duk watan da ba a zuba ba, bai shiga lissafi ba. Wanda kuwa ya zamo daga kan ƙarfe ya karye, in ba a yi masa rajista ba, sai dai 'yan'uwa su bi gida gida da ƙoƙon taimako bayan sallar Juma'a. Mun sha gani.

Na san akwai masu cewa shekara 60 ta yi nisa, wa ya san gawar fari. Haka ne, rai na hannun Allah. Amma hatsarin aiki da haihuwar iyali ba sa jiran shekara 60.

GYARA

Kowace mace da ta taɓa sayen gero a kasuwa ta san bayan an gama awo akwai gyara. A cinikin aiki ma haka ne, kuma sau da yawa mai kamfanin da ya ƙi motsawa a kan albashi yakan saki hannu a nan. Babur na wa ne, wa ke zuba mai, in ya lalace wa ke gyara? Kuɗin kira da na intanet fa? Kwamfutar aiki ta kamfani ce, ko yaro ne zai kashe tasa? In aka kira shi ƙarfe biyun dare saboda na'ura ta tsaya, a cikin albashi yake ko dabam? Doka ta ce makon aiki awa 40 ne, hutu kuma kwana biyu da rabi ne a kowane watan aiki, amma a wannan sana'a waya ba ta san dare ba, ba ta san Sallah ba. Akwai kuma kuɗin jarrabawar ƙwarewa irin ta Cisco, wadda ke ɗaga darajar mutum a ko'ina ya je. Idan kamfani zai biya, madalla, amma a karanta sharaɗin da kyau, domin wani yakan ɗaure mutum shekaru kafin ya iya tafiya.

Ga 'yan'uwanmu na Dapaong maganar ta fi haka nauyi. Tun harin Sanloaga a Nuwamba 2021 da na Kpekpakandi a Mayu 2022, inda aka kashe sojoji takwas, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes a watan Yuni 2022, aka kuma yi ta sabunta ta. Yaron da za a tura gyaran na'ura wajen Mandouri ba aiki ɗaya yake yi da wanda ke zaune cikin sanyin ofis ba, ko da takardarsu ɗaya ce. Dole ya tambaya tun farko: ina da ina za a tura ni, da izinin wa, nawa ne kuɗin tafiya, ina da ikon in ce ba zan bi wannan hanya yau ba? Wanda ya ji kunyar wannan tambaya a ofis, ba shi da wanda zai yi wa ita a daji.

Duk abin da aka amince a kai kuwa, a sa shi a takarda. "Bayan wata shida za mu duba" magana ce mai daɗi, amma wata shida na baki ba ya cika. A rubuta ranar da lokacin gwaji zai ƙare, a rubuta adadin da albashi zai koma, a kuma duba ko kwantiragin mai wa'adi ne ko marar wa'adi. Dokar ƙwadago ta 18 ga Yuni 2021 ita ce alƙali, sufetan ƙwadago kuma aikinsa ke nan ya duba irin waɗannan takardu.

Akwai wata tambaya da ke kayar da mutane: "Nawa kake ɗauka a inda kake?" Wanda ya faɗi 70,000, za a ba shi 80,000 ya yi godiya, ko da an ware wa kujerar ninkin haka. Ta haka arhar farko take bin mutum har tsufa. Turawa ma sun gane wannan tarko, shi ya sa a 2023 Tarayyar Turai ta zartar da ƙa'idar da ke hana mai ɗaukar aiki yin wannan tambaya. Ba na ce a yi ƙarya ba, ƙarya ba ta da albarka, kuma garin ƙarami ne, za a ji. Amma ana iya cewa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, wancan aiki dabam ne, wannan da kuka bayyana mini ina ganin ya kai kaza." Sa'an nan a yi shiru. Shirun nan shi ne ya fi wuya, amma duk wanda ya taɓa taya rago ya san shi.

TAFIYA KO ZAMA

Sau da yawa a wannan sana'a ƙarin albashi mai kauri ba ya zuwa sai an sauya wuri, shi ya sa samari ke tsalle daga nan zuwa can. Ban ga laifinsu ba. Abin da nake ja musu kunne a kai shi ne lissafi. Daga Sokode zuwa Lome kusan kilomita 340 ne, daga Dapaong kuwa fiye da 600. Yaron da ke gidan ubansa a Sokode, yana cin tuwon uwarsa, ba ya biyan haya, in aka ƙara masa 50,000 a Lome sai ya zauna ya cire kuɗin ɗaki, da na watannin da mai gida zai karɓa tun kafin a ba shi makulli, da kuɗin zemijan kullum daga Agoe Zongo zuwa cikin gari, da abincin saye sau uku, da kuɗin mota duk lokacin da aka yi rasuwa ko suna a gida. Wani in ya gama sai ya ga ƙarin ya narke. Wannan bai hana tafiya ba, domin Lome tana da abin da ya fi albashin bana, watau manyan na'urori da ƙwararrun da za a koya a hannunsu. Amma a san abin da aka je saye.

Masu hangen Legas ko Kano kuma su duba irin kuɗin da za a biya su da shi. Sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Naira kuwa a farkon 2023 tana wajen 460 a dala ɗaya a farashin gwamnati, kafin watan Fabrairu 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a kan naira a farkon 2023 yana aiko wa iyali sefa, ya ga albashinsa ya tsuke ba tare da kowa ya rage masa ko kwabo ba. Dattawanmu sun san wannan ɗaci, domin ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta a gaban faran na Faransa.

Sai kuma sabon yayi, watau mutum yana zaune a ɗakinsa a Sokode yana yi wa kamfanin Turai ko Amurka aiki ta intanet. Yuro 500 a wata sefa 327,978 ne, kuɗi ne mai tsoka a nan. Amma yawanci ba fansho, ba inshora, in wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke matsalarka ce, kuma sallama saƙo ɗaya ce. Manyan ma ba su tsira ba. A Nuwamba 2022 kamfanin Meta mai Facebook ya sallami ma'aikata 11,000, a Janairu 2023 Google ya sallami 12,000. Kusa da mu, a Akara, kamfanin Twitter ya sallami kusan dukan ma'aikatan ofishinsa na Afirka a Nuwamba 2022, kwanaki kaɗan bayan sun fara shiga ofishin, kuma sai da suka shafe fiye da shekara suna bi kafin a daidaita da su a kan haƙƙinsu. Abin da ya riƙe su a wannan gwagwarmaya shi ne takardun da ke hannunsu.

Idan an yanke shawarar tafiya, a fita ta ƙofa. Kada a ajiye aiki sai sabuwar takarda ta shigo hannu da sa hannun mai kamfani, domin ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. A ba da sanarwa a rubuce. Ga ma'aikacin da ake biya wata wata yawanci wata ɗaya ne, ga manyan ma'aikata wata uku. A karɓi takardar shaidar aiki, haƙƙi ce ba alfarma ba. A je CNSS a tabbatar an zuba watannin da aka cire, domin lambar mutum ɗaya ce, tana bin sa duk inda ya koma. Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan sana'a: makullan sirri na na'urori da bayanan abokan ciniki amana ne. Yaron da ya tafi da su don ya huce haushi, ko ya riƙe su garkuwa sai an biya shi, ya jawo wa kansa shari'a, tun da ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2019, ya kuma ɓata sunan duk wani ɗan zango da zai nemi aiki bayansa. Masu wannan sana'a a arewacin Togo ba su da yawa, kowa ya san kowa.

Wani kuma yakan kawo tayin waje gaban maigidansa don kawai a ƙara masa. Yana yiwuwa ta yi aiki, amma kada a juya baya a kasuwa sai an shirya tafiya da gaske, domin ba kullum dillali ke riƙo hannu ba.

Shi dai ɗan ƙanwata, da wata ya ƙare aka miƙo masa 65,000 a cikin ambulan, ba takardar biya, man babur kuma daga aljihunsa. Ya zo ya same ni bayan isha'i yana huci, wai gobe ba zai koma ba. Na ce zauna, ɗana, ɗauko takarda. Muka rubuta wuraren da ya haɗa wa intanet a cikin watan, guda tara, da kuɗin man da ya ƙona, da dare biyu da aka tashe shi. Ya kwana uku yana tambayar abokan karatunsa abin da suke ɗauka. Ranar Litinin ya nemi ganin mai kamfani, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ajiye takardar a gabansa, ya faɗi adadinsa, ya yi shiru. Bai samu duk abin da ya nema ba. An tsaya a kan 85,000 a hannu da kuɗin mai, aka kuma rubuta cewa za a yi masa rajistar CNSS in lokacin gwaji ya cika. Na gaya masa wannan sharaɗi na ƙarshe bai yi mini ba, domin rajista tun ranar fara aiki take wajaba, ba sai an gama gwaji ba. Ya ce zai sake komawa a kan wannan, amma sai bayan ya gama haɗa wa wata makaranta da ke hanyar Bassar, don ya shiga da wuri na goma a takardarsa.